Ƙarni

Na baro Lagdo kafin assalatu,
jaka goma sha biyu a ƙulle bakin zani,
kuɗin giwan ruwa ɗaya da kwandon banda.
Kande ta sauka ran Talata, namiji.
Ta ce ba ta son komai sai filas
mai jan murfi, irin na matar malamin asibiti,
don ruwa ya kwana da zafinsa.

A Garwa aka nuna mini kantin.
Ƙofar gilashi, sanyi kamar cikin randa.
Na yi sallama.
Gurnanin firji ne ya amsa.

Taku uku na yi, na ji na huɗu ba nawa ba.

Yaro ne, shuɗiyar riga,
an ɗinka Sali a ƙirjinta.
Na tsaya gaban sabulu, sai ga shi yana gyaran sabulu.
Na matsa wajen madara, madara ma ta nemi gyara.
Gwangwanin da ya juya sau uku
tun farko bai karkace ba.

Ɗana, ni masunci ne.
Na san yadda ake bin abu a ruwa
ruwan bai sani ba.
Kai inuwarka ma tana riga ka isowa.

Kuma na san abin da ya kira ka.
Na cuɗa da toka, na cuɗa da lemun tsami,
na sa rigar Juma'a ran Alhamis,
amma Binuwai ba ta sakin wanda ta goya.

Sai hannuwana suka zame mini kaya.
In sa su aljihu, me na ɓoye?
In fito da su, me suke nema?
Na riƙe su gaba, a buɗe,
kamar mai addu'ar da babu mai cewa amin.
Hannun da ya ciro mutum biyu daga ƙasan dam,
yau shi ke tsoron goga kwalbar turare.

Na so in kwance ƙullin nan in watsa a ƙasa,
in ce ƙirga.
Na ɗaga kai don haɗiye maganar,
sai ga madubi, kumburarre, can a kusurwa:
ni ɗan mitsitsi,
Sali a bayana,
bayan Sali kuma, a ɗakin gilashi na sama,
mai kanti da kofin shayi,
idonsa ba a kaina ba.
A kan aljihun yaron yake.

Ashe tarun da faɗi.

Mai karɓar kuɗi ta ɗauki takarduna da yatsa biyu,
ta ɗaga kowace ga fitila, ta yamutsa hanci.
Duk da haka sun shige aljihun tebur,
sun kwanta da 'yan'uwansu masu ƙamshi.

A bakin ƙofa ya tare ni.
"Baba, haka aka ce mu yi."
Bai dube ni ba.
Ya murɗe jan murfin, ya leƙa ciki,
azurfar cikin ta mayar masa da idonsa.
Na ce, duba da kyau,
babu kowa ciki sai kai.

Ina gindin darbejiya ina jiran mota
lokacin da aka tashe su cin abinci.
Mai gadi ya jera su jikin bango,
ya sa suka zazzage aljihu, suka cire takalma.
Sali ya ɗago, tafin ƙafarsa a kan siminti mai zafi,
ya gan ni.
Na juya ga masu babura.
Na san nauyin ido, ban ƙara masa nawa ba.

Da dare Kande ta tambayi labarin birni.
Na ce, akwai sanyi.
Ta cika filas, ta ajiye kusa da kan jariri.

Da asuba ta buɗe, tururi ya tashi,
ta yi dariya, ta ce, ka gani?
Na ce na gani.
Akwai abin da ke kwana da zafinsa.